Bijimin Saukar Auta

Matso nan kusa ka gyara zama, don abin da zan faɗa maka ba na ɗaga murya ba ne. Mai abin ya bar 'ya'ya da jikoki, wasunsu har gaishe ni suke zuwa yi. Labarin ƙanin mijina ne, da karatunsa, da wani bijimi da na yi wa bauta shekara da shekaru. Ni dai karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, inda aka koya mana haɗa baƙi da wasali har na iya rubuta abin da ke bakina. Amma kunne kam, Allah ya ba ni. Ina tsakar gida ina tankaɗe, in aka yi raɗa a zaure sai na ji.

Daga Fammar aka kawo ni Rano, Turawa suna nan ba su fara zancen tafiya ba. Na tarar da uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, mace mai sanyin magana, ba ta da aiki sai kaɗi da jan carbi. 'Ya'yanta maza uku ne. Mijina ne babba, sai mai bi masa, sai auta. Manyan biyu duk sun sauke Alƙur'ani, an yi musu abin da ake yi: an zana musu allo, an ɗinka sabuwar riga, an yanka sa, malamai sun taru yaro ya karanta a gabansu, sannan aka zaga da shi gidajen dangi. Auta ne bai samu ba. Yana tsakiyar karatun allo aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, mahaifinsu kuwa ya riga ya rasu, ba wanda zai tsaya masa. Aka zare allon daga hannunsa aka tafi da shi elementare, daga nan Midil a Kano, daga nan makarantar horon malamai. Allon yana ɗakin Inna, naɗe cikin tsohon zane, a bayan tukunyar da take ajiye abawa.

Abin ya tsaya mata a rai. A wurinta karatu duk karatu ne, yana da ranar farawa yana da ranar saukewa. Tunda an hana ɗanta waccan saukar, to za ta yi masa ta boko, ta ji da kunnenta ya yi karatu a gaban mutane an shafa fatiha, kamar yadda aka yi wa yayyensa. Ba ta nemi komai a duniya ba ya wuce wannan. Tana da wata saniya ta gado a hannun ƙawarta, wata Bafulatana da ke zaune wajen Unguwar Gai. Da saniyar ta haifi namiji aka yaye shi, sai aka koro mana shi har gida, fari tas, ƙafafu kamar sillen kara. Ta ƙaramar ƙofar baya ya shigo, ko goga jikinsa bai yi ba. Aka kafa masa turke a gindin ceɗiyar da ke tsakar gida, Inna ta dube ni ta ce, "'Yar Fammar, ga amanar autana."

A wannan shekarar ce auta ya gama horon malamai. Ya dawo da satifiket, da kwat, da agogon hannu da yake dubawa ko gaisuwa ake yi. Aka tura shi koyarwa Kibiya. Inna ta ce a fara shiri. Ya yi murmushi irin na wanda ake wa maganar yara, ya ce wannan takarda ta sharar fage ce, yanzu ya ɗauki wani karatu da ake aiko masa ta gidan waya tun daga Ingila, in ya gama shi sai a yi magana. Inna har daɗi ta ji. Ta ce dama maraƙin bai isa yanka ba, su girma tare.

Takardun nasa Rano suke sauka, saboda haka duk ranar hutu sai ga shi ya zo karɓa, ya kwana, ya ci, ya koma. Karatun farko na ilmin kasuwanci ne. Mutumin da ko allura bai taɓa sayarwa ba. Ina suyar ƙuli-ƙuli na sayarwa, sai ya jawo kujerata ta tsakar gida ya zauna, ya shiga bayyana mini cewa sana'ata ba ta da tsari, mutanenmu ba su san bambancin uwar kuɗi da riba ba. Yana faɗa yana miƙa hannu cikin ƙwarya, yana tauna. Matar wa da ƙanin miji akwai wasa a tsakani, don haka ba na raga masa.

"Malam auta," na ce, "wanda kake ci yanzu, uwar ce ko ribar?"

"Matar Yaya, matsalarku ke nan, komai sai ku mai da shi wasa," in ji shi, ya ƙara dumbuza.

Ya gama na kasuwanci, aka aiko masa da takarda mai tambari. Inna ta sa aka kira shi ɗaki. Ya ce saura kaɗan, kasuwanci ba ya tsayuwa sai da ilmin tattalin arziki. Wannan kalma ta saura kaɗan, ka riƙe ta, don ita muka ci muka sha a gidan nan har na yi haihuwa na yaye, na sake haihuwa.

Maraƙi kuwa bai san da saura kaɗan ba. Dusa, harawa, karan dawa, ruwan tsari da kanwa, duk ta hannuna suke bi. Damina in kwashe kashinsa cikin caɓi, rani in ja masa ruwa a rijiya har tafin hannuna ya yi kanta. Ya tashi daga maraƙi ya zama bijimi, tozo ya kwanta gefe guda don nauyi, ƙaho ya buɗe. Mahautan kasuwar Rano suka riƙa ƙirƙiro dalilin shigowa gaishe da Inna, idonsu na gindin ceɗiya. Ita kuma kullum da hantsi sai ta fito ta tsaya kusa da shi, ta ɓare masa ɓawon rogo ko ta sosa masa wuya, ta koma.

Da tattalin arziki ya shiga kan auta, sai ya gano cewa bijimin asara ne. Ya samu yayansa ya ce dukiya ce aka ɗaure a turke tana ci ba ta haihuwa, gara a sayar a saya masa keke da littattafai, tunda dai don shi aka ajiye. Mijina mutum ne marar yawan magana, manomi, in ya ce a'a sau ɗaya ya gama. Ya ce sa na Inna ne, ya je ya faɗa mata da bakinsa. Bai je ba. Keken dai ya saya daga baya da albashinsa, ya riƙa jingine shi a jikin ceɗiya, bijimin yana lasar sirdin.

Sai kuma Turanci. Wai wanda ya koya a Midil na yara ne, yanzu zai koyi na 'yan asali, wanda ake fitarwa ta hanci. Inuwar ceɗiya ta fi ko'ina sanyi, nan yake zama ya buɗe littafi yana maimaitawa da ƙarfi, yana tsayawa yana jiran amsa. Bijimin yana tuƙa yana kallonsa. Na rantse duk ƙasar Rano ba wanda ya sha Turanci kamar dabbar nan. Na ce wa auta in ranar jarrabawa ta zo ya tafi da shi, ko ɗaya daga cikinsu ya ci. Bayan Turanci aka shiga dabarun koyarwa, wai yadda ake gane abin da ke zuciyar yaro tun bai faɗa ba. Uwarsa kuwa ta faɗa, ta sake faɗa, bai gane ba.

Na ƙarshe da na sani shi ne wanda ya kira ilmin ɗa'a. Ya ce shi ne uban duka, yana koyar da mene ne daidai, mene ne ba daidai ba, da haƙƙin mutum a kan mutum. Ya zauna yana gaya mana cewa wani masani a can ƙasar Turawa ya ce ƙarya ba ta halatta ko da za a ceci rai. Muka ce to. A cikin watannin nan ne wata rana ya zo da wani abokin aikinsa daga Kibiya, suka zauna a zaure, ni ina tsakar gida ina surfe. Abokin ya hango bijimin ya tambaya. Na sassauta taɓarya. Na ji auta ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce wai tsohuwarsa ce take jira ya sauke boko a yi masa walima kamar ɗan makarantar allo. Ya ce ka ji fa, boko ana sauke shi? Ya ce in hedimasta ya ji an zaga da shi gari da sabuwar riga, ina zai sa kansa. Abokin ya ce to ka gaya mata mana. Ya ce a'a, tsohuwa ce, a dai riƙa lallaɓa ta, wata rana za ta manta.

Ranar na daka dawar nan har ta koma gari ban sani ba. Da ya ce mata tun farko, Inna wannan karatu ba shi da ƙarshe, da ta yi kukanta ta share hawaye ta san abin yi. Bai iya ba. Ya bar ta tana ƙirga damina. Kuma da yamma ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya ce saura kaɗan.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai, jikin Inna ya fara saki. Ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi, sai an matso an ɗaga murya. Ta daina fitowa gindin ceɗiya, sai dai a ɗage mata asabari ta hango bijimin daga kwance. Gari ya ɗauka da zancen tuta da sabon zamani, auta yana ta kai da kawowa yana koya wa yara waƙar maci. Da aka gama girbi aka shigar da dawa rumbu, Inna ta aika aka kira mijina. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce a sa rana.

Mijina ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce ba za a kira ta saukar Alƙur'ani ba tunda ba ita ba ce, amma walimar godiya ga Allah a kan ilmi ba laifi, yaro ya zo ya karanta wani abu mai amfani daga abin da ya koya, a yi addu'a. Da auta ya zo karɓar takardunsa, yayansa ya tare shi a zaure. Ya fara saura kaɗan, mijina ya ce ko ya zo ko kada ya zo, ranar za a yanka. Sai na ji auta ya ce to shi ke nan, zai zo, dama yana neman inda zai samu jama'a a tare. Yadda ya faɗi maganar bai kwanta mini ba, amma wa zan gaya wa?

Ranar walima tun da sassafe mahauta suka zo, aka kwance bijimi za a fitar da shi fili. Ƙofar bayan da ya shigo ta cikinta yana maraƙi, ko kansa bai shiga ba. Aka gwada ta zaure, ƙaho ya tokare. Aka juya shi, aka karkata, ya tsaya ƙyam yana huci. Ƙarshe sai da aka kawo diga aka fasa katanga ta gefen ɗakin Inna, aka fitar da shi ta nan. Bafulatanar nan ƙawar Inna ta iso da ƙwaryar nono a ka, ta tsufa ita ma, ta tsaya tana kallonsa yana wucewa, ta ce ita a rugarsu ba ta taɓa ganin bijimin da ya jira mutum haka ba. Ni kam ɗaki na shige. Dabbar da ka ciyar da hannunka shekaru, ba ka tsayawa kallo.

Kafin hantsi ya yi zafi tukwane sun hau, ƙamshi ya cika unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi a fili, daidai inda aka fasa katangar. Malamai suka zauna gaba, dangi daga Kibiya da Fammar, maƙwabta, har da mahautan. Inna ta sa na yi mata wanka, na ɗaura mata zanen da ta daɗe tana ajiya, na jingina ta da bango. Ta sa na ɗauko allon nan na yarintar auta, na warware shi, na aika a ajiye masa a inda zai zauna. Daga bakin ƙofarta, ta wawakeken katangar, ina hango komai ina kuma ji. Ita ba ta ji. Ta kama bakin zanena ta ce in tsaya nan, duk abin da ya karanta in faɗa mata.

Auta ya iso a kan keke, cikin kwat, sabuwar rigar da aka ɗinka masa tana naɗe a bayan sirdi. Ya zauna, ya ga allo, ya ɗauka ya ɗora a cinya, ya baza takardunsa a kai. Tebur ya samu. Liman ya yi bisimilla ya ce Malam ya karanta mana.

Ya gyara murya ya ce zai yi magana a kan almubazzaranci. Ya ce yanzu da ƙasa ta koma hannunmu, dole a faɗa wa juna gaskiya komai ɗacinta, haka ilmin ɗa'a ya koyar. Ya ce abin da ya hana mu ci gaba shi ne bidi'o'in biki da walima. Ya ce ga misali a gabanmu: dabba an ɗaure ta shekaru tana cinye abincin gida, yau za a cinye ta a yini ɗaya, har da rushe katanga, duk don jahilcin tsofaffi da ba su san ilmi ba shi da ranar gamawa ba. Ya kawo maganar masana na can, yana faɗar sunayensu ta hanci. Liman ya shiga tari. Mijina ya kafa ido a ƙasa yana tona ta da tsinke.

Inna ta ja zanena. "Ya fara?"

Na ce ya fara.

"Muryarsa ba ta rawa?"

Na ce ko kaɗan, Inna.

"Me yake cewa?"

Na sunkuya daidai kunnenta. Na ce yana cewa duk karatun da ya yi, daga Kano har Ingila, bai kai wanda ya fara a gindin kaɗinki ba. Na ce yana cewa ranar da aka tafi da shi boko yana waiwaye, ke ya hango a bakin zaure riƙe da allonsa, kuma wannan ne ya hana shi wasa da karatu. A waje yana lissafa illolin walima, ni a ciki ina cewa ya ce mutane su shaida, uwarsa ta yi masa abin da aka yi wa yayyensa har da ƙari. Bakina ya buɗe, abin yana ta zuwa. Ta rufe ido tana gyaɗa kai. Can ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

"'Yar Fammar, wannan ba bakin autana ba ne. Naki ne."

Na ɗago kaina daga kunnenta.

"Ci gaba," in ji ta. "Me kuma ya ce?"

Na ci gaba. Ban tsaya ba sai da na ji liman ya katse shi da salati, ya ja doguwar addu'a, ya roƙa wa mahaifiyar wannan gida gafara da albarka, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Wannan amin ɗin Inna ta ji ta da kunnenta. Ta ɗaga hannu ta shafa.

Aka kawo nama. Mai wa'azin almubazzaranci aka ajiye wa tozo a gabansa, don na mai sauka ne. Ina kallo ya cinye shi, ya suɗe yatsu, ya sa aka ƙunsa masa soyayye a cikin takardar laccar tasa zai kai wa abokan aiki Kibiya. Da la'asar ya shigo sallama. Ya durƙusa, Inna ta ɗora hannu a kansa ta sa masa albarka, ta daɗe tana yi. Da ta ɗauke hannun ya ɗaga murya don ta ji, ya ce, "Inna, amma fa ban gama ba, akwai wani da zan fara bayan salla."

"Ni na gama," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ba ta ga damina ta gaba ba. Allon ni ta bar wa, yana nan a ɗakina, da tabon maiƙo a gefensa. Katangar kuwa mijina bai toshe ba, ƙofa ya sa aka yi a wurin, ta nan muka riƙa shigo da kara.

Auta ya ci gaba da karatu. Har Ingilar ya je da ƙafarsa, ya dawo ya zama babba a harkar ilmi, ana gayyatarsa taro yana magana a kan tarbiyya da haƙƙin iyaye, mutane suna tafi. Wata rana bayan shekaru ya zo gaisuwa a mota, hira ta kai mu ranar walima, na gaya masa abin da na faɗa wa Inna. Na zaci zai sunkuyar da kai. Sai ya gyara tabarau ya ce, matar Yaya, niyyarki mai kyau ce, amma a ƙa'ida abin da kika yi ƙarya ne. Na ce haka ne, Malam auta, ga fura can, a dama maka?

To kai da ka yi zurfi a karatu, har ka zauna kana karanta wannan, da kai ne a bakin ƙofar nan, tsohuwa ta riƙe maka gefen riga tana tambayar me ɗanta yake cewa, me za ka gaya mata?